'Ya'yan Kabewa da Warkewar Gyambo ga Mai Ciwon Sukari

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, cikin birnin Kano)



Kwamitin shirya taro ya nemi in ce wani abu a kan lafiya. Na zaɓi in yi magana a kan abin da ake zubarwa a gidajenmu duk ranar da aka ɗora miyar taushe, wato 'ya'yan kabewa, da irin gudummawar da za su iya ba mai ciwon sukari idan ya ji rauni. Da yawa daga cikinmu furfura ta fito, kuma da wuya ka shiga wani lungu a Yakasai, ko Mandawari, ko Dala, ba ka tarar da gidan da ake jinyar wannan ciwo ba.

Da farko, me ya sa miki ba ya saurin warkewa a jikin mai sukari? Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, musamman a ƙafa. Sai ƙaya ko ƙusa ta soke shi bai sani ba. Yakan kuma toshe ƙananan hanyoyin jini, ya raunana dakarun jiki masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Ta haka ɗan ƙaramin faso na hunturu yake zama gyambo, gyambo kuma ya kai ga yanke ƙafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi jiki, idan zai ɗinke rauni, tamkar magini yake, sai da kayan aiki. Yana bukatar furotin, wato abin da ke gina tsoka da fata. Yana bukatar sinadarin zinki, wanda sabbin ƙwayoyin fata ba sa tsirowa yadda ya kamata sai da shi. Yana kuma bukatar bitamin C. A nan ne 'ya'yan kabewa suke da abin faɗa. Idan an ɓare su, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsu furotin ne. Tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, yana ɗauke da furotin wajen giram 9 da zinki fiye da miligiram 2, alhali bukatar namiji baligi a yini miligiram 11 ce, ta mace kuma 8. Suna da maganisiyam mai yawa, wanda insulin ke bukata wajen aikinsa. Sitacinsu kuma kaɗan ne, don haka ba sa tayar da sukari kamar yadda alkaki ko gurasa ke yi.

Sarrafa su ba wuya. Idan uwargida ta fasa kabewar da aka sayo a Kasuwar Rimi, a kwashe 'ya'yan, a wanke, a baza a faifai su bushe ƙayau. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A soya su sama-sama a kasko, ba mai ba gishiri, domin sukari da hawan jini sau da yawa tare suke tafiya. A ɓare a ci, ko a daka a zuba a miya kamar yadda ake yi da agushi, ko a haɗa da ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale. Da yake bitamin C ɗinsu bai taka kara ya karya ba, sai a haɗa da ɗanyen tumatir, ko gwaiba, ko lemun tsami. Tafin hannu ɗaya a yini ya wadatar, saboda kusan rabin nauyinsu mai ne. Kuma ba su hana cin wake, da ƙwai, da kifi ba.

Yanzu ina roƙon ku kasa kunne, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. 'Ya'yan kabewa abinci ne da ke tallafa wa jiki. Kada wani ya tashi daga nan ya ce an ce suna maganin sukari, har ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa. Kafin Banting da Best su fito da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, babu wani abinci da ya iya ceton yaran da wannan ciwo ya kama. Kada kuma a daka su a barbaɗa a kan miki. Wannan kiran ƙwayoyin cuta ne. Wanda ciwon ya taɓa wa ƙoda, ya tambayi likitansa kafin ya fara ci, domin akwai gishirin jikin da ƙodarsa ba za ta iya tacewa ba.

Abin da ke ceton ƙafa shi ne daidaita sukari da duba ƙafar kullum. Bayan alwala a goge tsakanin yatsu. Kada a tafi masallaci ba takalmi, ko da yana ƙofar gida. Kada a kanga ƙafa a kaskon wuta lokacin sanyi. A ja kunnen mai yankan farce, kada ya kankare kanta da aska. Duk raunin da ya kumbura, ko ya yi baƙi, ko yake wari, a garzaya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a ranar, kada a jira gobe.

Daga ƙarshe, ina ba ƙungiyarmu shawara, a taro mai zuwa a tanadi na'urar gwajin sukari a bakin ƙofa, kowa ya gwada kafin ya zauna. Mutum kan daɗe da ciwon nan bai sani ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya.