Yadda Matan Shikago Suka Ci Zaɓen 1915



Yau zancenmu na Shikago ne, wani babban birni a Amurka wanda a wancan zamani yake cike da mahauta da masana'antun ƙarfe. Baƙar fata na zuba guminsu a can, amma har 1914 ba su taɓa samun wakili a majalisar gari ba.

A 1913 jihar Ilinoyi ta ba mata ƙuri'a a zaɓen gari. 'Yar jarida Ida B. Wells ta riga ta tara mata cikin ƙungiya. Suka bi Unguwa ta Biyu gida gida, suna sa mata su rubuta suna. Maza suka yi ta yi musu ba'a, wai su koma su yi reno. Mun san irin wannan baki! Ba su koma ba.

A 1914 ɗan takararsu ya faɗi, amma ba da nisa ba. Manyan jam'iyyar Ripablikan suka duba lissafi, hankalinsu ya tashi. A 1915 suka tsayar da baƙar fata, Oscar De Priest, ya ci. Ba waliyyi ba ne, ɗan jam'iyya ne, amma ƙofa ta buɗe. A 1928 Shikago ta aika shi majalisar ƙasa a Washinton.