Wasa Ma Magani Ne: Jawabi Ga Iyayen Yara A Kwoi

Shugaban taro, malamanmu, iyaye maza da mata, 'yan'uwa mazauna Kwoi da baƙinmu na Kafanchan, barkanku da zuwa.

Abin da ya tara mu yau maganar wani yaro ce da kowace unguwa take da irinsa. In an tayar da injin niƙa sai ya toshe kunne yana ihu. Sabuwar rigar Sallah ba ya yarda ta taɓa jikinsa, aski kuwa sai an danne shi. Wani kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum juyi da tsalle, zaman makarantar allo ya gagare shi. To, mu me muke yi? Mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Ko mu ce iska ce, a shiga hayaƙi.

Jama'a, sau da yawa ba haka ba ne. Wata masaniya 'yar Amurka, Jean Ayres, ta yi bayani a littafinta na 1972 cewa ban da gani da ji da sansana da ɗanɗano da taɓawa, akwai ma'auni a can cikin kunne mai hana mutum tangaɗi, akwai kuma saƙon da tsoka da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. A wajen wasu yara saƙon nan yakan zo da ƙarfi ƙwarai, a wajen wasu kuma da rauni, shi ya sa wani ke gudun motsi wani ke nemansa. An fi ganin haka ga masu lalurar galahanga.

Ma'aikatan lafiya masu koya wa mutum ayyukan yau da kullum da wasa suke taimakon irin waɗannan yara. Ga shi kuwa yawancin kayan aikinsu muna da su a gida. Lilo da langa suna horar da ma'aunin kunne. Tuwon ƙasa da wasan yashi suna saba wa fata da taɓawa. Carafke tana haɗa ido da hannu, wanda riƙon alƙalami ke bukata. Daka da ƙaramar taɓarya ko tura baro yakan kwantar da mai yawan motsi kafin karatu.

Amma akwai sharaɗi. Kada a tilasta. A fara kaɗan-kaɗan, a bi abin da yaro yake so, in jiri ya kama shi a tsaya. Kuma wasa taimako ne, ba ya maye gurbin likita. Yaron da ya kai shekara 2 bai fara magana ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi babban asibitin Kafanchan a duba kunnensa tukuna. In da bukata sai a nemi takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Mu kuma sani cewa dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne, in an sayar da citta bana, a ware wani abu a ɗaura lilo a zuba yashi a harabar Islamiyyarmu. Malamai kuma a yi haƙuri, a ajiye bulala a kan yaran nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye.

Allah Ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum.