Ɗan Manomi Ma Ya Zauna Bayan Kantar Banki

Wannan shi ne jawabin da ɗan takararmu na Gwamna ya yi wa taron manoma da fatake ran kasuwa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ja zamanin Hakimi, dagatai da masu unguwanni. Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu mata, samari da 'yan mata, jama'a baki ɗaya, sannunku da zaman rana.

Na san abin da kuke jira ku ji daga bakina, watau taki da rijiya da hanya da zaman lafiya. Duk suna cikin manufofin jam'iyyarmu, kuma za mu zo kansu. Amma yau magana ɗaya na kawo muku, ita ce maganar banki, da yadda ɗan manomi zai shiga ya zauna bayan kanta yana aiki, maimakon kullum a bar mu a waje muna bin layi cikin rana.

Dattawan da ke nan za su tuna ran 1 ga Janairu, 1973, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Lissafi ne mai sauƙi, amma wanda bai sani ba ya sha cuta a hannun wanda ya sani. A 1984 aka sauya launin takardun kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan. Wanda ya tusa kuɗinsa a tukunya ko a rufin ɗaki, labari bai iso masa da wuri ba, sai ya wayi gari da takarda kawai. Na ƙarshen kuwa ba sai na tuna muku ba. A farkon 2023, da aka sauya naira 200 da 500 da 1,000, kun ga abin da ya faru da idonku. Mutum da kuɗinsa, sai ya biya wani kafin ya taɓa su. Manomi ya kai hatsi kasuwa ya karyar, don kurum mai saye yana da tsabar kuɗi a hannu. Wani an nuna masa saƙon ƙarya a waya an ce an tura masa, aka kora masa raguna. Sau uku ke nan cikin shekara hamsin, kuma kowane karo mutumin ƙauye ne ya fi jin jiki. Me ya sa? Domin ba shi da nasa a ciki.

Ba wai ba a taɓa ƙoƙari ba. Magabatanmu sun kafa Bankin Arewa tun zamanin Sardauna, hedkwatarsa a Kano, ya yi aiki har lokacin da aka haɗe bankuna a 2005, ya narke cikin wani. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankuna su buɗe rassa a karkara. Aka gina, aka yi fenti, aka kafa allo. To, amma wa aka zaunar a ciki? Sau da yawa baƙo ne wanda ba ya jin Hausa, balle Fulatanci, yana ƙirga kwanakin da za a mai da shi birni. Ba laifinsa ba ne, turo shi aka yi. Laifin na waɗanda suka gina ɗaki ne ba su koya wa ɗan gari aikin ba. Yau ku duba, da yawan waɗannan rassa an kulle su, sai jemage.

Ni da kaina na taɓa ganin wani dattijo a wani banki, ya yi sammako daga ƙauye, ya biya kuɗin mota, aka miƙo masa fom da Turanci. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Daga bisani wani yaro ya cika masa, ya karɓi lada, ya kuma ji lambar sirrinsa. Dattijon nan sa'an ubana ne. Ban manta ba.

To, ga abin da za mu yi in Allah ya ba mu nasara. A kowace ƙaramar hukuma za mu buɗe ajin koyon aikin banki, cikin makarantun da muke da su, ba sai an ba wani kwangilar sabon gini ba. Yaro ko yarinya da ya gama sakandare, ya ci lissafi da Turanci, zai yi wata shida a aji, sa'an nan wata uku a bakin kanta ƙarƙashin wanda ya san aiki. Ba za a karɓi ko kwabo ba, kuma za a ba shi ɗan alawus na abinci da mota.

Me zai koya? Zai koyi ƙirga kuɗi da sauri ba kuskure, da gane jabu da yatsa da kuma hasken fitila. Zai koyi rubuta shiga da fita, yadda kafin a tashi aiki lissafi zai daidaita. Ku sani, a banki in naira ɗaya ta ɓace ba mai tafiya gida sai an nemo inda ta shiga, in kuwa ba a gano ba, kashiya ne zai biya daga albashinsa. Zai koyi aiki da kwamfuta, da buɗe asusu da lambar BVN wadda aka fito da ita a 2014, da riƙe na'urar POS, da duba ko kuɗin da aka ce an turo sun shigo da gaske. Zai koyi yadda ma'aikacin ƙaramin banki ke zuwa gona ko rumfa ya duba kafin a ba da rance. Abu mafi girma kuma, zai koyi kame baki. Abin da ke cikin asusun mutum sirrinsa ne, ko matarsa, ko ɗan'uwansa ba a gaya wa, balle 'yan majalisar shayi. A wannan zamani da ɓarayi ke sauraron wa ya sayar da shanu, kun san sakin baki na iya jawo asarar rai.

Yanzu bari in gaya muku abin da wani ɗan siyasa ba zai gaya muku ba. Wata tara ba ta mai da yaro manaja. Manyan bankuna galibi digiri suke nema ko babbar difloma, masu ƙaramar difloma kuwa sau da yawa aikin kwantiragi ake ba su, albashi kaɗan, aiki da yawa. Abin da muke buɗewa ƙofar ƙasa ce: wakilin banki a ƙauye, kashiya a ƙaramin banki, akawun ƙungiyar gama kai, mai riƙe littafin 'yan kasuwa. Amma matakala ce. Wanda ya nuna ƙwazo, Jiha za ta biya masa difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha, ta kuma biya masa kuɗin jarrabawar cibiyar ma'aikatan banki ta ƙasa, wadda tushenta ke Ikko tun 1963.

Abokan hamayya za su ce muku, ai banki ba na Gwamna ba ne, dokarsa a hannun Gwamnatin Tarayya take. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma albashin malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti, da kuɗin harajin Jiha, a ina suke kwana? A banki. Duk bankin da ke son ya riƙe kuɗin Jiharmu, to, sai ya karɓi yaranmu su yi wata ukun nan a wurinsa, ya kuma naɗa wakili a garuruwan da ke cin kasuwa. Wanda ya ƙi, akwai maƙwabcinsa.

Na ga malamai suna duban juna, na kuwa san dalili: kuɗin ruwa. Allah ya gafarta malam, ba mu zo mu jefa 'ya'yanku cikin riba ba. Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba, a Abuja da Kaduna da Kano, a 2019 kuma TAJ ya biyo baya. Irin cinikin da ake yi a can, da ƙiradi da haya da sayar da kaya bisa ribar da aka sani, ku kuka fi mu saninsa, yana nan cikin babin ciniki. Za mu sa shi cikin karatun, mu kuma roƙe ku ku zo ku koyar.

Iyayenmu mata, ku ma da ku. Uwar adashi ai ta daɗe tana aikin banki, alƙalami ne kawai ba ta riƙe ba. Mace mai ƙuli-ƙuli ko saƙa a cikin gida ba za ta fita ta miƙa wa ƙato kuɗinta a bakin kasuwa ba, amma 'yar maƙwabta da ta koyi aiki za ta shiga har ɗaki. Saboda haka cikin kowane gurbi uku, ɗaya na 'yan mata ne.

Wajen ɗauka kuwa, babu takardar wani babba, ko da tawa ce. Jarrabawar lissafi za a yi a hedkwatar ƙaramar hukuma, a manna sakamako a bango kowa ya gani. Mai unguwa da liman su shaidi halin yaro, domin dukiyar jama'a za a damƙa masa. Ba za a tambayi ubansa wace jam'iyya ya zaɓa ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da ƙuri'arku. Kowa ya nemo katinsa na zaɓe tun yau ya adana. Ran zaɓe ku yi sammako, ku fito da matanku da 'ya'yanku da suka kai shekara 18, ku dangwala a kan alamar jam'iyyarmu, kada tawada ta tsallake layi. In kun gama kada ku watse, ku tsaya a ƙirga a gabanku, a rubuta, wakilinmu ya karɓi kwafinsa.

Allah ya mai da kowa gida lafiya.