Ɗan Kuka Mai Jawo Wa Uwarsa Jifa: Shaye-shayen 'Ya'ya da Halin da Iyali ke Shiga

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Ci Gaban Gari



An nemi in yi magana a kan shaye-shaye. Sau da yawa idan aka taso da wannan batu, yaron ake kallo. Ni a yau gidan da ya fito nake so mu kalla, domin Bahaushe ya ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tabar wiwi da taramol da sholisho ba su bar unguwanninmu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan miliyoyi yana da uwa da uba da ƙanne.

Uwa ce ke fara gani, ita ce kuma ke fara ɓoyewa. Kuɗin cefane ya ɓace, ta ce ita ta yar. Ɗan kunnenta na zinariya ya salwanta, ta yi shiru. Ta sayar da kayan ɗakinta ta biya abin da ya ɗauka a gidan maƙwabta, don kada maganar ta kai kunnen maigida. Dare ya raba tana zaune tana sauraron motsin ƙofa. Ranar da uba ya sani kuwa, sai gida ya yamutse: shi ya ce ita ta sangarta shi, ita ta ce neman kuɗi ya hana shi zama da iyalinsa. Idan akwai abokiyar zama, sai gori ya shigo. Aure na shekara talatin yakan girgiza a kan wannan.

Uba kuma kunya ke cinsa. Dattijon da ake kira sasanta rigima sai ya daina zama majalisa, don ya san za a ce ya fara gyara gidansa. Kuɗin da aka tanada domin karatun ƙanne ya tafi wajen beli da biyan diyyar ɓarna. 'Yan mata na gidan su ma suna biyan bashin da ba su ci ba, domin idan dangin manemi suka zo bincike, abin da za a fara gaya musu shi ne yayanta ɗan ƙwaya ne.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ku, 'yan'uwana mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Idan yaro ya gagare ku, kukan sa shi a mota ku ce a kai shi gida wajen kaka, wai ya canza iska. Tsohuwa mai shekara saba'in ba za ta iya da saurayin da ya fi ƙarfin ubansa ba. Akuyarta da buhun geronta su ne za su tafi, kuma kafin damina ta zagayo ya koya wa samarin garin abin da ba su sani ba. Ku kun huta da idon maƙwabta, mu kuma kun bar mu da wutar.

Wasu kuma gidan mari suke kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani irin gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Iyayensu ne suka kai da yawa daga cikinsu, da kyakkyawar niyya. Dalilin da ya sa sarƙa ba ta magani shi ne, jikin da ya saba da kodin ko taramol yakan shiga ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci idan an yanke masa farat ɗaya, taramol mai yawa kuma yana kawo farfaɗiya. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Kuma iyaye su sani, yaro yakan koma wa ƙwaya bayan magani. Idan hakan ta faru, a sake kai shi, kada a yanke ƙauna.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, a kafa kwamitin dattawa masu riƙe sirri, maza da mata, da uwa za ta iya kai wa kukanta ba tare da ta ji shi a gidan biki ba. Na biyu, a ware wani kaso daga kuɗin da muke tarawa domin taimaka wa marasa hali da kuɗin asibiti. Na uku, masu shaguna da gareji da kamfanoni daga cikinku su karɓi yaran da suka warke su koya musu sana'a, domin zaman banza ne ke mayar da su gidan jiya.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda Allah ya jarrabe shi da wannan, mu ziyarce shi kamar yadda muke zuwa dubiya, mu daina nuna gidansa da baki. Allah ya shirya mana zuriya, ya maishe ku gidajenku lafiya.