Dokar Kuɗin Baitulmali: Jawabin Malamin Kotu ga 'Yan'uwansa Ma'aikata



An umurce ni in yi magana a kan dokokin da suka tsare kasafin kuɗin hukuma da kashe su. Ko da ya ke ni ba Ma'aji ba ne, ban kuwa taɓa riƙon mabuɗin Baitulmali ba, na karɓi umurnin saboda dalili guda. Ni malamin kotu ne, wurin zamana ƙarƙashin kujerar alƙali, a nan kuwa maganar kuɗin hukuma ta kan ƙare in ta lalace. Na rubuta sunayen mutanen kirki a littafin ƙara da hannuna, waɗansunsu mun yi makaranta tare, galibinsu kuwa ba su tashi da niyyar sata ba. Rashin sanin ƙa'ida da ganin ƙanƙantarta su ne suka kawo su. Don haka in akwai kuskure cikin abin da zan faɗa, manya su gyara mini, yaro ne ke magana gaban iyayensa.

Bari mu fara da asali. Tsaron dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shaihu Magili ya rubuta littafi a kan wajiban sarakuna, a ciki ya ware babi don hanyoyin da ya halatta a tara dukiya, da wani babin don inda ya kamata a kashe ta. Da Turawa suka zo, sai Razdan Palmer ya kafa Baitulmali irin na littafi da rasit a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1911 kuma aka baza tsarin a sauran ƙasashen sarakunan Arewa. A farkon al'amarin a kan raba haraji biyu, rabi na Gwamnati, rabi na En'e, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, kowa ya san iyakar abin da ya ke nasa. Kowace shekara Ma'aji ya kan tsara kasafi, Sarki da majalisarsa su duba, a kai wa Razdan, sa'an nan ya wuce gaba a sa masa hannu. Shekarar kuɗi a lokacin ta kan fara 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris.

Yau duk wannan ya sake kama. Fam da sule sun ba naira wuri ran 1 ga Janairu 1973. En'e ta kau a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta, yanzu guda 774 ne a Nijeriya. A 1979 jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Shekarar kuɗi ta koma Janairu zuwa Disamba. Amma ƙa'idar da iyayenmu suka riƙe tana nan ba ta motsa ba, watau kuɗin hukuma ba na wanda ke riƙe da su ba ne, ba sa shiga sai da rasit, ba sa fita sai da izni a rubuce.

To, mece ce dokar a yanzu? Uwar dokoki ita ce Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 80 ya ce duk kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta samu a zuba su cikin babban asusu guda, kada kuwa a fid da ko kwabo daga ciki sai abin da Tsarin Mulki da kansa ya ɗora wa asusun, ko abin da majalisa ta yarda da shi cikin dokar kasafi. Sashe na 120 ya ɗora wa jihohi wannan hukunci daidai wa daida. Sashe na 81 da na 121 suka wajabta wa Shugaban Ƙasa da Gwamna su kai kiyasin shiga da fita na shekara mai zuwa gaban majalisa. Ku lura da wannan da kyau: abin da Gwamna ya karanta gaban majalisa roƙo ne kurum, bai zama izni ba sai majalisa ta zartar, an sa hannu, ya zama doka. Haka kuma a ƙaramar hukuma, kasafi ya kan bi ta majalisar kansiloli bisa ga dokar jihar.

Wani zai ce, to, in shekara ta kama majalisa ba ta gama ba, a bar ma'aikata da yunwa ke nan? A'a, doka ta hango wannan. Sashe na 82 da na 122 sun yarda a ci gaba da tafiyad da ayyuka har wata 6, ko zuwa ranar da dokar kasafi ta fito, wanda duk ya riga, amma da sharaɗin kada a wuce abin da aka yarda a kashe a daidai wannan lokaci bara. In kuwa kuɗin da aka yanka wa wani aiki suka kasa, ko wata bukata ta taso wadda ba a sa ta a kasafi ba, hanya ita ce a koma majalisa da ƙaramin kasafi na ƙari. In abin gaggawa ne, kamar ambaliya ko annoba, sashe na 83 da na 123 sun ba da damar a ajiye asusun ko-ta-kwana, a ranta daga ciki, daga baya a kai wa majalisa ta mayas da abin da aka ɗiba. Kun ga ashe babu wata larura wadda doka ba ta buɗe mata ƙofa ba. Wanda ya haura katanga alhali ga ƙofa a buɗe, ba shi da abin da zai gaya wa alƙali.

Akwai waɗansu dokoki kuma da ya kamata kowane ma'aikaci ya san da zamansu. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta yi guda 2. Ta fari ta wajabta a riƙa tsara kiyasin shekara 3 gaba, don kasafin kowace shekara ya fito daga cikinsa, ta kuma yi wa gibi da cin bashi iyaka. Ta biyu ita ce dokar sayen kaya da ba da kwangila, wadda ta ce a yi shela, masu so su yi takara a fili, ta kuma haramta a daddatsa kwangila guda ƙanana ƙanana don a kauce wa iznin na sama. Jihohi da yawa sun yi irin tasu, sai kowa ya nemi ta jiharsa ya karanta. A 2015 aka tilasta wa ofisoshin Tarayya su tattara kuɗinsu a asusu guda a Babban Banki. Ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rabon ƙananan hukumomi daga asusun Tarayya a biya su kai tsaye, zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai kuwa ke da ikon riƙon kuɗin. Mutanenmu sun yi murna da wannan hukunci, amma ni abin da na gani a ciki nauyi ne, gama wanda kuɗi suka sauka hannunsa, shi za a tambaya.

Yanzu bari in sauko ga abin da ya shafi teburin kowannenmu. Kafin naira guda ta fita, akwai tambaya 4 da za ka yi wa kanka. Ta fari, an sa wannan aiki a kasafin bana, a wane kai, a wane layi? Ta biyu, takardar iznin sakin kuɗi ta zo, da sauran kuɗi kuwa a layin, in an duba littafin da a ke rage abin da aka kashe? Ta uku, wanda ya sa hannu ikonsa ya kai wannan adadi, ko kuwa sai na gaba da shi? Ta huɗu, kayan sun shiga sito da gaske, aikin an yi shi, wani ya gani da idonsa ya shaida? In ka sami amsar duka huɗu, rubuta boca, ka manna takardun shaida, ka kwana lafiya. In guda ta ɓace, ajiye alƙalami.

Ga misali. A ce an yanka kuɗi don gina rijiyoyi, sai hadari ya taso ya kware rufin makaranta, shugaban sashe ya ji tausayin yara, ya ɗebi kuɗin rijiya ya saya musu kwano. Ko anini bai ci ba, kowa a garin yana sa masa albarka. Duk da haka ya yi laifi. Dokar da ta kafa hukumar ICPC a 2000, a sashe na 22, ta ce ma'aikacin da ya juya kuɗin wani aiki zuwa wani aikin dabam za a ɗaure shi shekara 1 ko a ci shi tarar naira 50,000. Sashen nan kuma ya ce wanda ya ba da kwangila babu ita a kasafi, babu izni, babu kuɗi a ƙasa, ɗaurin shekara 3 ne da tarar naira 100,000. Kada ku ce doka ba ta da tausayi. Ƙauyen da aka yi wa alkawarin rijiya su ma suna da hakki, majalisa ce ta ba su, ba shi da ikon ya karɓe ya ba wasu. In an bar kowa ya juya kuɗi bisa ga kyakkyawar niyyarsa, gobe mai mugunyar niyya zai juya, ba mai iya rarrabe su a takarda. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya rubuta ya nemi iznin juyawa wurin masu ikon ba da shi, kafin ya taɓa kuɗin.

Na ga wani kashiya a gaban shari'a, dattijo mai shekaru da yawa a bakin aiki, ba a taɓa kama shi da ƙwayar laifi ba. Matarsa ta kwanta asibiti, ya ɗauki kuɗi a akwatin ofis, ya rubuta 'yar takarda ya ajiye a gurbinsu, da nufin ya mayar ranar albashi. Kwana 3 kafin albashi Odita ya iso ba sanarwa, ya ce a ƙirga. Da aka tambaye shi a kotu, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, aro na yi." Alƙali ya ce masa, "Wa ya ara maka?" Ya yi shiru, don ba wanda ke da ikon ara masa. Sunan wannan laifi cin amana, Dokar Laifuffuka ta Arewa kuwa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yanka wa ma'aikacin hukuma da ya aikata shi ɗauri har shekara 14 a sashe na 315. An yi masa sassauci, amma aiki ya tafi, mutunci ya bi shi. Hannuna na rawa na rubuta hukuncin nan.

Ni kaina ban tsira daga tuntuɓe ba. A shekarata ta fari, littafin rasit ya ƙare mini da yamma, wani mutum ya kawo tara, ya ce garinsu da nisa. Na karɓa, na rubuta masa shaida a farar takarda, washegari na kai kuɗin cif cif. Da mai binciken littattafai ya zo, ya ga kwanan wata bai dace ba, ya aiko mini da takardar tuhuma. Tsohon malamin da na gada ya kira ni ya ce, "Yaro, gaskiyar da ba ta da rasit, a ofis ƙarya ce. Da ka ce masa ya dawo gobe." Tun daga ran nan ban sake ba.

Kada kuwa mu ɗauki Odita abokin gaba. Sashe na 85 da na 125 su suka kafa shi, suka ce ba ya ƙarƙashin umurnin kowa cikin aikinsa, suka ba shi kwana 90 daga ranar da Babban Akanta ya miƙa masa lissafin shekara ya kai rahotonsa majalisa. Shi ne shaidar mai gaskiya ranar da masu ƙazafi suka taso. Wanda littafinsa ke daidai, zuwan Odita hutu ne gare shi.

Saura magana guda, da izninku, zuwa ga manyanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin yaran da ke zuwa gabanmu umurnin baki aka ba su, aka ce, "Biya, takarda na zuwa." Ranar shari'a kuwa mai umurnin ba ya nan, sa hannun yaro kaɗai ke kan boca. Ranku ya daɗe, in kun ba da umurni ku rubuta shi. Ku kuma samari, in aka ce ku biya abin da ba shi a kasafi, ku durƙusa da ladabi ku ce, "Ranka ya daɗe, a taimake ni da shi a rubuce." Wannan ba rashin kunya ba ne, tsare mutuncin ku duka biyu ne. Haka nan ƙarshen shekara, abin da ya rage a layi ya koma asusu, sai fa in majalisa ta ƙara wa'adi da doka. Kada a yi ta rubuta bocar ƙarya cikin Disamba don kada kuɗi su koma.

Iyayenmu da mu ke tunawa da su yau sun yi aiki da tawada da fitilar ƙwai, suna ƙirga sulalla a kan tabarma, in kwabo ya ɓace ba mai tafiya gida sai an gano shi. Kuɗin da ke hannunmu na mai tallan goro ne da ta biya kuɗin rumfa a kasuwa, da na direban da ya biya a tasha, da na mara lafiyan da ke jiran magani a ɗakin shan magani na ƙauye. Ba su san sashe na 80 ba, mu suka dogara gare mu mu sani. Ina roƙon kowa in ya koma ofis gobe ya nemi kasafin bana da littafin ƙa'idodin kuɗi, ya karanta layin da ya shafe shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabanninmu ikon adalci, mu kuma ya sa mu ajiye aiki da hannunmu, kada sunan ɗayanmu ya shiga littafin da na ke rubutawa. Haza wasalam.