Ciwon Cikin Da Ke Tashi Lokacin Da Ciki Ba Kome

  

Kullum in muka taru, maganar burtali ce da rijiya da allurar bisashe. Yau mun ce bari mu taɓa lafiyar mai bisashen kansa, domin akwai wani ciwo da ya yi yawa cikinmu har mun daina lissafa shi cikin ciwo. Shi ne ciwon nan na ƙahon zuci, can ƙarƙashin ƙashin ƙirji, mai zafi kamar an aje garwashi, wani lokaci kamar ana ƙwaƙular mutum daga ciki. Yana tashi in an daɗe ba a ci ba, hantsi ko la'asar, ko ya tada mutum daga barci tsakar dare wajen ƙarfe 1 zuwa ƙarfe 3. Da an sha fura ko nono sai ya kwanta, bayan awa 2 ko 3 ya dawo. Ya yi sati biyu yana damun mutum, ya ɓace wata da watanni, ya sake dawowa. In mun tambaya a nan wa ya san shi, hannuwa da yawa za su tashi, har da na waɗanda kunya za ta hana.

Mu dai abin da muke cewa shi ne yunwa ce. To abin da ma'aikatan lafiya suka fahimtar da mu, kuma muka ga ya dace mu kawo maku, shi ne yunwa tono ciwon take yi, ba ita ke haifar da shi ba. Tumbin mutum yana fitar da wani ruwa mai tsami ƙwarai, mai ƙarfin narkar da nama. Abin da ya hana shi cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi da Allah ya shimfiɗa a bangon ciki. Duk wanda ya taɓa wanke tumbin akuya ya ji wannan santsi a hannunsa. In yauƙin nan ya lalace a wani wuri, sai ruwan tsamin ya taɓa tsoka, wurin ya yi ja, daga nan ya zama miki. Shi ne gyambon ciki, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce ma olsa. Sau da yawa yana zama a bakin hanji, daidai inda tumbi ke zuba abinci. In akwai abinci a ciki, abincin yana shanye tsamin, sai a ji sauƙi. In ciki ya zama ba kome, tsamin ya sauka kan miki tsagwaronsa. Kun san jaki mai miki a gadon baya: kaya ne ke sa shi harbi, amma mikin yana nan ko an sauke kayan.

Ba duk mai jin wannan zafi ne ke da gyambo ba. Wani bangon tumbinsa ne ya yi ja bai kai ga fashewa ba, wani ƙwannafi ne, wani tsutsar ciki ce, wani kuwa yunwar ce kawai, da ya ci shi ke nan. Amma zafin da ke da lokacinsa, yana zuwa yana komawa yana tada mutum da dare, wannan ba a barinsa sai an auna.

Abu biyu ne manya da ke lalata yauƙin nan.

Na farko wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, lokotoro na ce mata Helikobakta. Da can har lokotoron Turai sun ɗauka damuwa da yaji ne ke kawo gyambo, suna ta ba masu shi madara shekara da shekaru. A shekarar 1982 wasu lokotoro biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wannan ƙwaya cikin tumbin masu ciwon. Aka ƙi yarda da su, har a 1984 shi Marshall ya haɗiye ƙwayar da kansa, cikinsa ya kamu, don mutane su gani da idonsu. A 2005 aka ba su babbar kyautar nan ta Nobel. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma ta fi yawa a ƙasashenmu na Afirka. Galibi tun ana yaro ake ɗaukarta, ta baki, ta hanyar ruwa maras tsabta da hannun da ba a wanke ba. Mu da ke sha a tabki ɗaya da shanu da damina, ba mu da abin mamaki a nan. Yawancin masu ɗauke da ita ba ta yi masu kome har su tsufa, amma kamar mutum 1 cikin 10 tana yi masa gyambo, kuma tun 1994 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke kawo dajin tumbi. Abin farin ciki shi ne tana da magani, kuma in an kashe ta, gyambon yakan warke bai cika dawowa ba.

Na biyu, jama'a, shi ne wanda muke saye da kuɗinmu: ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur da masu tallar magani bisa kai ranar kasuwa. Asfirin, ibufurofen, dikulofenak, da waɗanda ake ƙulla wa cikin leda a ce na gajiya ne, ba suna ba takarda. Waɗannan suna kashe ciwon gaɓɓai da gaske, amma suna hana tumbi yin yauƙinsa. Mu dubi yadda muke shan su. Mai jan ruwa da rani ya tashi tun asuba don kada layinsa ya wuce, kafaɗu na ciwo saboda wasaki, ya watsa ƙwaya 2 ya bi da shayi, ba zai ga abinci ba sai garke ya gama sha bayan azahar. Yaron da ke rakiyar shanu cikin tirela daga Tawa ko Abalak, a bi ta Ƙonni da Illela har Legas, kwana da kwanaki yana tsaye yana tada wadda ta faɗi, abincinsa ƙwaya da goro da sigari. In an haɗa da dekza, wadda wasu ke sha wai don ƙiba, haɗarin ya ƙaru. Wanda kuma ya wuce shekara 60 ya fi kowa saurin zubar jini da waɗannan ƙwayoyi. Shi tiramol ba ya cin tumbi kamar su, amma yana rufe zafin ya kashe sha'awar abinci, sai miki ya yi ta zurfi mai shi bai sani ba. In dole sai an sha maganin ciwon jiki, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, shi ma bisa ƙa'ida, don yawansa yana lalata hanta.

Sai shayi. Ba mu zo mu ce a fasa butar shayi ba, mun san ba wanda zai saurare mu, mu kanmu da tamu muka zo. Shayi da goro da barkono ba su ne ke haƙa gyambo ba, amma shayi mai ɗaci da goro suna sa tumbi ya ƙara zubo tsami. Kofin farko, baƙi ƙirin, a cikin da ya kwana ba kome, shi ne mafi muni ga mai wannan ciwo. A sa wani abu a ciki tukuna. Taba kuwa, wannan kam tana hana miki warkewa kuma tana sa ya dawo, giya ma tana ƙona bangon tumbi.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu kaɗai, sai dattawa su yi mana haƙuri. Cikinmu akwai wanda zai wuni kasuwa tun safe har magariba bai sa kome a baki ba, don kada a gan shi yana ci a bainar jama'a, ko don surukinsa na kusa. Kunya adonmu ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma mai gyambo ba ya iya wannan wuni. Ya nemi bayan rumfa ko gidan mai masaukinsa ya ci. Dabino, cuku, gumba, ƙuli-ƙuli, duk suna shiga aljihu kuma ba su lalacewa a hanya. Kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 a wuni ya fi a tara yunwa a cika ciki da dare a kwanta nan take. Dillali ma haka, ciniki ba ya gudu don an tashi minti 10.

Yanzu ga magungunan da muka saba yi ma kanmu. Nono da madara suna kwantar da zafin, gaskiya ne, amma na ɗan lokaci, domin bayan haka su ma suna sa tumbi ya fitar da tsami. Abinci ne mai kyau, a sha, sai dai ba ya warkar da miki. Kanwa kuma, da yawa cikinmu suna jiƙa ta su sha, a yi gyatsa a ji wasai. Tana kashe tsamin nan take, shi ya sa muka yarda da ita. Amma gishiri ne da ita mai yawa, mai shan ta kullum yana jawo ma kansa hawan jini da wahalar ƙoda da ta zuciya, kuma ƙwayar cutar tana nan daram. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne masu buɗe maganin shanu su sha, irin jan kafso da ruwan allurar bisashe. An auna su ne da nauyin sa, ba da na mutum ba, kuma ba za su kashe wannan ƙwaya ba.

Abin da ya kamata shi ne zuwa gidan likita a faɗi ciwon yadda yake: lokacin da yake tashi, abin da ke kwantar da shi, da duk ƙwayar da ake sha, kada a ɓoye ko ɗaya. A inda ke da kayan aiki ana auna bayan gida a ga ko ƙwayar na nan, a manyan asibitoci kuma ana zura wani siririn tiyo mai fitila ta baki a ga mikin ido da ido. Wanda ya san zai je awo ya faɗa masu in ya sha maganin tsami cikin sati 2 da suka wuce, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sati 4, don suna ɓoye ƙwayar awo ya fito ba kome. In an same ta, magani haɗi ne: ɗaya mai rage tsami, kamar omefirazol, da ake sha kamar rabin awa kafin abinci, tare da masu kashe ƙwayar iri 2 ko fiye, kwana 10 zuwa 14 ba tsallake. A nan ne muke faɗuwa. Kwana 3 zafi ya tafi, sai a aje sauran a ce na wata rana, ko a ba ɗan'uwa. Ƙwayar da ba ta mutu ba takan saba da maganin, karo na biyu sai an sha wanda ya fi tsada. Mun san wannan a wajen bisashe, ba wanda ke yi ma saniya rabin allura ya ce ta warke. Mai shirin tafiya mashekari ko kudu ya karɓi maganinsa cikakke kafin ya tashi, in kuma da hali a sake awo bayan wata guda da gamawa. Omefirazol shi kaɗai yana kwantar da ciwo, har ya rufe mikin, amma in ƙwayar na nan ciwon zai dawo.

Game da azumi, mai wannan ciwo ya ga lokotoro tun watan bai kama ba, kada sahur ɗinsa ya zama shayi da goro, kada kuma ya buɗe baki da ƙwayar ciwon jiki. Wanda ya taɓa aman jini ya tambayi lokotoro ya tambayi malamai, addini ya yi sauƙi ga maras lafiya da matafiyi.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran a sayar da ɗan maraƙi tukuna. Bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari: jini ne ke zuba a ciki. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa shi danƙo haka. Aman jini, ja ko baƙi-baƙi mai gari-gari. Jiri da farin ido da bugun zuciya in an miƙe. Ciwo mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, mutum ba ya son a taɓa shi: tumbi ne ya huje, aiki ake yi masa, kuma awowi ne tsakaninsa da mutuwa. Irin wannan kada a ba shi fura, kada a ba shi jiƙo ko ruwa, kada a yi masa tsaga ko ƙaho, a nemi mota ko amalanke a nufi asibitin da ke da ɗakin fiɗa. Haka wanda ke amai kullum bayan cin abinci, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, ko yana ramewa ba dalili, musamman in ya manyanta ciwon ya fara masa sabo. Dattijon da zafi ya kama a ƙahon zuci tare da zufa da nauyin ƙirji har zuwa hannu, wannan ma a gaggauta, yana iya zama zuciya ce.

Mun san abin da ke hana mu: nisa da kuɗin mota, da wanda za a bar ma garke. Shi ya sa muke roƙon kowane zango, kafin a watse a shiga daji, a san wace likita ce mafi kusa da inda za a sauka, a riƙe lambar wayar mai mota ko mai babur guda, a kuma aje wani abu a hannun dattijo ɗaya saboda irin wannan dare. Fatake su ma, mai shanu ya sa kuɗin abincin yaran rakiya daban da ladansu, ya ba su guzuri a hannu kafin tirela ta tashi.

Iyayenmu mata, ku ne ke ganin wanda ya tashi da dare yana neman ƙwaryar nono, ku ne ke ganin wanda ya rage cin tuwo. Namiji ba zai faɗa ba. In kun gani ku gaya ma babban gida, mu ma ku gaya mana in mun zo zagaye. Wanda ke da tambaya ya tashi ya yi, abin da ya fi ƙarfinmu za mu kai wa ma'aikatan lafiya mu dawo maku da amsa a taro na gaba.