Rumbun Bayanan Halittu na Duniya

A shekarar 2001 gwamnatocin ƙasashe da dama suka kafa GBIF, rumbun bayanai kan tsirrai, dabbobi da ƙwari, mai hedikwata a Kofenhagen ta ƙasar Denmark. Jami'o'i, gidajen adana kayan tarihi da masu kallon tsuntsaye ne ke zuba bayanan, kowa kuma yana ɗiba kyauta ta intanet. Yanzu sun haura biliyan biyu.

Abin damuwa shi ne mafi yawansu daga Turai da Amurka suke. Ko na Afirka ma, wasu a Turai suke: ga busassun ganyayen da aka kwaso daga Afirka zamanin mulkin mallaka jibge a lambun Kew na Landan, kowanne da takardar wurin da aka tsinko shi. Shigar da su cikin rumbun ya sa masanin Afirka yana duba su daga ofishinsa, har ya gano sunan da aka rubuta ba daidai ba.